Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Gansakuka da Fosfat a Tafkunanmu



Ka taɓa zuwa bakin tafki da sassafe a lokacin bazara, ka tarar ruwa ya zama kore shar, kifaye sun taso sama suna buɗe baki kamar masu roƙo? Ka dawo da hantsi ka ga wasu sun juya ciki sama? In haka ta faru, mutane sukan ce an zuba guba, wasu su ce aikin mutanen ruwa ne. Sau da yawa ba ko ɗaya. Gansakuka ce ta yi yawa. Abin da ya ƙosar da ita kuwa daga wurinmu ya fito: daga gona, daga garke, daga wurin wanki. Sunan wannan abu fosfat.

Ka karanta wannan bayani a hankali. In ka gama, ka karanta wa maƙwabcinka wanda bai shiga yaƙi da jahilci ba tukuna.

Darajar tafki a ƙasarmu

Ba sai an gaya wa mutumin Damagaram darajar ruwa ba. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa Turawa suka ɗauke babban birnin ƙasa daga Damagaram suka mai da shi Yamai a shekarar 1926. Damina wata uku ce ko huɗu. Sauran watanni, tafki da fadama da rijiya su ne dogaronmu.

Dubi kwarin Korama, wajen Matamai da Magarya da Mirya, inda ake noman rake da kayan lambu. Dubi tafkin Gidimuni a kan hanyar Gure, da tafkin Lasuri. Waɗannan biyu har duniya ta san da su. Akwai yarjejeniyar kare wuraren ruwa da ƙasashe suka ƙulla a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971. An sa Lasuri cikin jerinta a 2005, an sa Gidimuni a 2019. Ban da su akwai ƙananan tafkuna da kududdufai a kusan kowane gari. A nan ake su, a nan dabbobi ke sha, a nan ake ban-ruwan lambu, a nan ake buga tubali. In tafki ya lalace, duk waɗannan sana'o'i sun taɓu.

Mece ce gansakuka?

Gansakuka tsiro ce, sai dai ba ta da saiwa, ba ta da ganye. Iri-iri ce. Akwai mai zare-zare kamar gashi, wadda take kama dutse da ciyawa. Akwai ƙanana ƙwarai da ido ba ya ganin ɗaya ɗaya, sai sun taru su rina ruwa ya zama kore. Akwai kuma wata mai taruwa a saman ruwa kamar an zuba koren fenti, iska ta turo ta gefe ɗaya, tana wari. Ka riƙe wannan ta uku, za mu komo kanta.

Kada ka ɗauka duk gansakuka abokiyar gaba ce. Kaɗan daga cikinta abinci ce. Karfasa tana cin ta. Ƙananan ƙwarin ruwa suna cin ta, ƴaƴan kifi kuma su ci ƙwarin. Tafkin da ruwansa yake garau kamar na randa ba ya ƙosar da kifi. Yawanta ne ɓarna.

Yadda take kashe kifi

Kifi yana shaƙar iska kamar ni da kai. Tasa iskar a narke take cikin ruwa, yana tace ta da kunnuwansa. Da rana, gansakuka tana ƙara wa ruwa wannan iska, kamar yadda kowane ɗanyen tsiro yake yi in ya sami haske. Da dare sai ta daina bayarwa, ta shiga shaƙa ita ma. In ta yi yawa, kafin asuba ta shanye iskar. Shi ya sa kifi ke tasowa da sassafe, ba da la'asar ba.

Abu uku suna ƙara tsananta wannan:

1. Zafi. Ruwan ɗumi ba ya riƙe iska kamar ruwan sanyi. A watan Afrilu da Mayu tafki ya ja baya, ruwa kaɗan, zafi da yawa, dabbobi kuma sun taru a kansa.

2. Hazo ko hadari na kwana biyu ko uku. In rana ba ta fito sosai ba, gansakuka ba ta ba da iska, amma shaƙa ba ta fasa ba. Wani lokaci sai ta mutu gaba ɗaya, ta nutse, ta ruɓe. Ruɓewar nan ita ma iska take ci.

3. Ruwan farko. Yana kwaso kashin dabbobi da sharar rani duka ya zuba a tafki, ya kuma dama baƙin ruwan ƙasa mara iska da na sama.

Mene ne fosfat?

Ɗauko buhun takin zamani ka duba. Za ka ga lamba uku, misali 15-15-15. Ta farko abincin ganye ce, wato irin na yuriya. Ta tsakiya ita ce fosfat, abincin saiwa da ƙwaya. Ta uku fotas. Buhu mai kilo 50 na 15-15-15 yana da kilo 7 da rabi na fosfat. Buhun DAP, mai lamba 18-46-0, yana da kilo 23. Yuriya ba ta da shi ko kaɗan. Akwai fosfat kuma cikin kashin shanu da na awaki da na kaji, cikin bayan-gidan mutum, cikin toka, cikin ƙashi, da cikin wasu irin garin sabulun wanki. A jihar Tawa ma akwai dutsen fosfat da ake haƙowa a niƙa a zuba a gona.

Ga abin mamaki. Jigawarmu yunwar fosfat take yi. Binciken masana aikin gona na INRAN da na ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ya nuna rashin fosfat yana cikin manyan abubuwan da ke hana hatsi yin kyau a Nijar. Amma abin da gona take nema ruwa a jallo, shi ne yake yi wa tafki yawa.

A yawancin ruwan daɗi, ƙarancin fosfat ne yake riƙe gansakuka. An gwada wannan a fili. A 1973, a ƙasar Kanada, wani masani mai suna David Schindler da abokan aikinsa suka raba wani tafki gida biyu da labulen roba. Suka zuba wa kowane gefe abinci iri ɗaya, amma gefe ɗaya kaɗai suka ƙara wa fosfat. Gefen da ya sami fosfat ya zama kore kamar miyar kuka. Ɗayan kuwa bai sake kama ba.

Masana sun yi lissafi: fosfat ɗin da ke cikin buhu ɗaya na 15-15-15, in duka ya shiga ruwa, yana iya ciyar da ɗanyar gansakukar da nauyinta ya wuce buhu 30. Ka ga ashe ba sai abu mai yawa ba.

Darasi daga masu kiwon murjani

Mu ba mu da teku. Amma akwai darasi a wurin mutanen bakin teku. Kun san murjani da mata ke sawa a wuya. Asalinsa daga teku yake. Wasu ƙananan halittu ne suke gina shi, kamar yadda gara take gina suri. Danginsa suna yin manyan duwatsu a ƙarƙashin ruwan gishiri mai ɗumi, kifaye su zauna a cikinsu. Murjani ba ya son ruwa mai taki. In fosfat ya yi yawa, gininsa yana raguwa, gansakuka kuma ta rufe shi ta hana shi haske.

Haka ta faru a wani lungun teku mai suna Kaneyohe, a tsibiran Hawai na Amurka. An yi shekaru ana zuba ruwan ƙazantar gari a ciki, gansakuka ta bi murjani ta lulluɓe. A 1977 da 1978 aka karkatar da ƙazantar. Bayan ƴan shekaru gansakuka ta ragu, murjani ya soma farfaɗowa. Ba a zuba magani ba. Abincinta aka yanke.

A manyan biranen duniya akwai masu kiwon murjani da kifin teku a cikin akwatin gilashi a ɗaka, don sha'awa. Babbar damuwarsu ita ce gansakuka. Suna auna fosfat a kai a kai. Da yawansu ba su yarda ya wuce giram 1 cikin lita 10,000 ba, wato cikin tano 50 masu cin lita 200. Dabarunsu huɗu ne. Ba su ba kifi abincin da ya fi ƙarfinsa. Suna ɗebe wani kashi na ruwan su sa sabo mai tsabta. Suna shuka ciyawar teku a wani akwati na gefe ta shanye fosfat, in ta girma su cire ta su yar. Suna kuma sa kifi da katantanwa masu cin gansakuka.

Akwatinsu ƙarami ne, tafkinmu babba ne, nasu ruwan gishiri, namu ruwan daɗi. Amma dokar ɗaya ce: a rage abin da ke shiga, a fitar da abin da ya riga ya shiga. Abu ɗaya ne kada ka kwaikaya. Kada ka tara katantanwa a tafki, don wasu ƙananan katantanwar ruwan daɗi su ne ke ɗauke da tsargiya, cutar fitsarin jini.

Auna ruwanka da hannunka

Ba ka bukatar na'ura. Da hantsi, je inda ruwa ya kai gwiwa, ba inda dabbobi suka dama ba. Tsoma hannunka a miƙe, kana duban yatsunka.

In hannu ya shiga har gwiwar hannu, wato kamu ɗaya, kana ganin yatsu sarai, ruwan ba shi da gansakuka da yawa.

In yatsu sun soma ɓacewa wajen kamu ɗaya ko ƙasa da haka kaɗan, ruwan kuma kore-kore ne, wannan shi ne daidai ga kifi.

In yatsu sun ɓace tun ba a kai taƙi ɗaya ba, wato wajen santimita 20, gansakuka ta yi yawa. Haɗari yana kusa.

Ka lura da launi. In ruwan ja ne ko ruwan ƙasa, laka ce ta dame shi, ba gansakuka ba. Ka ɗebi ruwan a farar kwalba ka ajiye a inuwa ya kwana. Laka takan kwanta a ƙasa. In ka ga kore ya taru a sama kamar kirim, to irin nan ce mai kama da fenti.

Ka yi wannan awo sau ɗaya a mako, ka rubuta a littafinka: rana, launin ruwa, zurfin da yatsu suka ɓace. Amfanin iya rubutu ke nan. Baɗi ka duba, ka san watan da ya kamata a yi hattara.

Rufe ƙofofin da fosfat ke shiga

Ƙofa ta farko, gona. Kada ka watsa takin zamani a saman ƙasa, musamman in hadari ya haɗo. Ka binne shi. Akwai dabarar ɗan kaɗan a rami: giram 6 na 15-15-15, wato cikin marfin kwalbar lemo, ko giram 2 na DAP, a kowane ramin hatsi, a ɗan gefe da iri don kada ya ƙone shi. In ramukanka 10,000 ne a hekta, kilo 60 na 15-15-15 ko kilo 20 na DAP ya ishe ka. Fosfat yana manne wa ƙasa ne. In ruwa ya kwashe ƙasar gonarka, da kuɗinka ya tafi. Saboda haka jerin duwatsu, da tassa, da rabin wata, da barin gawo da kalgo su tofo a gona kamar yadda mutanen Magarya da Matamai da Mirya suka yi suna da shi, duk suna kare gona, suna kare tafki.

Ƙofa ta biyu, bakin tafki. Kada a yi noma har cikin ruwa. A bar ɗamarar ciyawa kewaye da tafki, taki 10 ko fiye, ta gamba ko jema. Ita ce rariya. Ruwan gona in ya iso sai ya rage gudu, ya ajiye lakarsa a gindin ciyawa. Gambar ba asara ba ce, ana yanka ta a yi zana.

Ƙofa ta uku, lambu. Mai lambu a bakin ruwa ya sa taki daidai bukata, ya yi ban-ruwa daidai yadda fangali zai shanye, kada ruwa ya malalo ya koma tafki. Kada a tara takin gida a kan hanyar ruwa.

Ƙofa ta huɗu, dabbobi. Dabba tana da hakkin sha, makiyayi yana da hakkin isa ruwa. Ba hanawa ake cewa a yi ba. A zauna da makiyaya da mai gari a keɓe mashaya ɗaya ko biyu, a bar burtali a buɗe. Dabbobi su sha su fita, kada su wuni a tsaye cikin ruwa. Kashin da suka bari a bakin tafki a kwashe shi kafin ruwan farko a kai gona. Wanda ya kwasa ya sami taki kyauta.

Ƙofa ta biyar, wanki da masai. Iyayenmu mata, a ɗebo ruwa a yi wanki nesa da baki, a zubar da ruwan kumfa a ƙasa ya shanye. Kada a haƙa masai kusa da tafki ko rijiya, a ba da tazarar mita 30 ko fiye. Kada a mai da kududdufi juji.

Fitar da wanda ya riga ya shiga

Fosfat ba ya tashi sama da tururi. Ruwa ya ƙafe, shi yana nan cikin laka yana jiran wata damina. Sai an ɗauke shi da hannu.

Kwashe gansakuka mai zare da kainuwa da manjagara ko kwando. Kada ka bar su a baki, ruwa zai mai da su. Kai su ramin takin gida ka haɗa da kara da kashin dabbobi su ruɓe.

Yanke kacalla. Mutanen Gidimuni sun san ta, maƙwabtanmu na Haɗeja da Nguru ma sun sha wahalarta, ta toshe hanyoyin ruwa, ta zama maɓoyar tsuntsaye masu cin hatsi. Tana son ruwa mara zurfi mai taki. In ka yanke ta a sama, sai ta tofo da ƙarfi. Yanke ta a ƙarƙashin ruwa, yadda ruwa zai rufe kututturen, saiwar ta rasa iska. A maimaita sau biyu ko uku, kafin ta yi kai ta watsa iri. A fitar da abin da aka yanka waje.

Yashe laka. In tafki ya ja baya da rani, baƙar lakar nan taki ce. A yi gayya da amalanke a kai ta gona. Tafki ya ƙara zurfi, jigawa ta sami abinci.

Kama kifi. Kowane kifin da ya fita, ya fita da fosfat cikin ƙashinsa. Karfasa tana mai da gansakuka nama. In tafkinku yana riƙe ruwa wata shida ko fiye, ku nemi shawarar ma'aikatan daji da ruwa a kan zuba ƴaƴan kifi. Ku bar ƙanana su girma, kada ku yi su da gidan sauro.

Wanda ya shiga ruwa don wannan aiki ya sa takalmin roba in da hali, ya yi wanka da sabulu in ya fito. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya je likita.

Ga mai kiwon kifi a gida

In kana kiwon tarwaɗa a kwamin siminti ko na tamfol, kai ne ka fi kama da mai akwatin gilashi. Abincin da kifi bai ci ba shi ne takin gansakuka. Ba su abin da za su cinye cikin minti 15. In ka ga saura, rage gobe. Riƙa zubar da wani kashi na ruwan daga ƙasa, inda ƙazanta take kwanciya, ka sa sabo. Tsohon ruwan kada ya tafi tafki, kai shi lambu, tumatir da zogale suna son sa. Yi wa rabin kwamin inuwa da zana. In ka ga kifi sun taso da asuba, kada ka ba su abinci ranar. Ƙara sabon ruwa, ka riƙa ɗiba da bokiti kana kwararawa daga sama don iska ta shiga.

Gargaɗi biyu

Na farko: gansakukar nan mai kama da fenti tana iya zama da dafi mai lalata hanta. Ido ba ya rarrabe mai dafi da mara dafi. A 2014, mutum wajen 400,000 na birnin Toledo a Amurka sun yi kusan kwana 3 an hana su shan ruwan famfo saboda ita. A 2020 giwaye fiye da 300 suka mutu a ƙasar Botswana, hukumomin ƙasar suka ce dafinta ne. In ka gan ta, kada yara su yi wanka, kada dabbobi su sha a gefen da ta taru. Tafasa ruwa ba ya kashe wannan dafi. Kifin da ka tarar a mace, kada ka ci, kada ka sayar, binne shi nesa da ruwa.

Na biyu: kada ka zuba maganin ciyawa ko wani magani a tafki don kashe gansakuka. In ta mutu gaba ɗaya, dafinta ya fito, ruɓewarta ta shanye iska, kifi ya mutu, fosfat kuma yana nan. Bayan ƴan makonni ta dawo. Kada kuma a wanke famfon feshi a tafki.

A taƙaice

Tafki na gari ne, gyaransa ma na gari ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku zauna da mai gari da sarkin ruwa da masu lambu da makiyaya da mata kafin damina. Ku tsai da inda mashaya za ta kasance, da faɗin ɗamarar ciyawa, da ranar gayyar yashe laka. Ku zaɓi mutum ɗaya mai iya rubutu ya riƙe littafin awo.

Kada ku sa rai ruwa zai gyaru cikin shekara ɗaya. Abin da laka ta tara shekara da shekaru ba ya ƙarewa a damina guda. Amma kowane amalanken laka da kashin dabbobi da ya bar bakin tafki ya nufi gona, riba biyu ce: hatsi a rumbu, kifi a ruwa.

Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.